Wuyan Ƙanena

Ƙanena ya zo duniya da babban kai da siririn wuya, kamar zangarniya a kan ɗanyen kara. Ni ce babba, ni ke goyonsa in Inna tana daka. Ta koya mini in ja zane har ƙeyarsa, ta ce sai wuya ya yi ƙwari ake sauke zanen, a fitar masa da hannuwa. Haka ake yi wa kowane jariri a unguwarmu ta Zango.

Watanni suka yi ta wucewa, zane bai sauka ba. In na sunkuya ɗiban ruwa sai kan ya faɗi gefe, in ji numfashinsa ya sarƙe. Matan bakin rijiya kuwa, Allah ya shirye su, ba su da aiki sai ƙirga watannin 'ya'yan mutane. Inna ta fara rage masa watanni, ni ma ta ce in riƙa ragewa. Na tsani ƙaryar nan, amma na fi tsanar kallon da suke yi masa.

Kaka ta zo daga Mirriya da ƙunshin karan dawa. Ta tsaga, ta jera, ta naɗe da ƙyalle yadda masu ɗori ke yi wa karaya, ta ɗaura masa a wuya. Kai ya tsaya, Inna har da guɗa. Da aka kwance za a yi masa wanka, fata ta saluɓe, kai ya koma yadda yake. Muka kai shi wurin likitan nasara, ya lallatsa shi, tafinta ya ce mu je gida mu yi haƙuri. Ko ƙwaya ba su ba mu ba.

Ranar bikin 'yancin kai makaɗa suka biyo ta ƙofar gidanmu. Jaririyar maƙwabta, wadda aka yi sunanta bayan nasa, ta juya kai tana bin ganguna. Ƙanena yana ji, idanunsa na ta kai-komo, kan ya ƙi bin su.

Inna ta ce, "Juya masa ya gani."

Na tallabi ƙeyarsa na juya, ya yi dariya. Ita kuwa ta shige ɗaki.

Ƙanena bai kai girbi ba, ya rasu. Yau ina da jikoki, amma har yanzu in aka miƙo mini yaro, ko da ya fara tafiya, ƙeyarsa hannuna yake fara zuwa. Sai yaron ya ture hannun.