Irin Waken Kawu

Shekarar da na dawo daga karatu, ƙungiyar manoman garinmu, can gefen hanyar Malumfashi, ta sayi na'urar auna danshin hatsi. Ni aka ba aikin haɗa ta da tsohuwar kwamfutar sito, don ta riƙa faɗa ko buhu ya bushe a ɗaure, ko a mai da shi shanya. Kai, na ji kaina ƙwarai!

Tsarin da na rubuta ba wuya. Kowane buhu sunansa hatsi, amma yana ɗauke da jinsinsa, masara ne ko dawa ko waken suya, kuma kowanne da iyakar danshinsa. Don tsabar taka-tsantsan, ban yarda sashen da ke yanke hukunci ya taɓa ainihin bayanin buhu ba, kwafi nake miƙa masa. A kwamfutata komai lafiya lau. Ashe kwamfailar da ke sito, wato manhajar da ke juya rubutuna zuwa abin da inji ke ganewa, tana da cuta. In ta yi kwafin sai ta yar da jinsin a hanya. Kowane buhu ya isa a matsayin hatsi kawai, a auna shi da ma'aunin masara. Shi kuwa waken suya ba ya ɗaukar danshin da masara ke ɗauka.

Kawuna ya kawo irinsa, waken suyan da yake zaɓa da hannu duk kaka, wanda rabin unguwa ke zuwa nema wurinsa. Na'ura ta ce ya bushe. Kawu ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, kamar yadda kowa ke yi tun kafin a haife ni. Na ga fuskarsa ta canja. Ya dube ni, ya dubi mutanen da suka taru kallon aikin ɗan ƙanwarsa, ya ce, "To, tunda inji ya faɗa, a ɗaure." Ya sani sarai. Ba zai kunyata ni a bainar jama'a ba ne kawai.

Da ruwa ya kusa aka kwance buhun. Wari ya buge mu. Innalillahi! Wake ya yi baƙi, ya dunƙule kamar daddawa.

Sati biyu ina bin rubutuna layi-layi, ban sami kuskure ba, don babu. Da na gano na kwamfailar ne, na rubuta wa masu ita. Wani ya amsa mini cikin ladabi cewa sun san da matsalar, sun ma gyara a sabon fitowa. Sabon kuwa ba ya hawa kwamfutarmu. Wallahi na rasa wanda zan zaga. Na yi ta yi wa Kawu bayanin kwafi da jinsi, yana gyaɗa kai don in ji sanyi.

Ranar da aka yi ruwan shuka ya ce in kai shi Tsiga a babur, gidan wani da shi Kawu ya taɓa ba iri kyauta. Ya naɗe buhu ya sa a hammata. Muna isa bakin layin ya dafa kafaɗata.

"Tsaya nan, ɗana. Ba na so ka ji ina roƙo."

Na kashe babur na jira.