Kwalaben Man da Ba Su Dawo Ba

Hadarin ƙarshen damina ne ya yaye rufin babban ɗakin taron makarantarmu, wata la'asar bayan yara sun tashi. Da safe muka tarar kwanon ya nannaɗe kamar tabarma a bayan ofis, katakon kuwa sai a gonar masarar maƙwabta aka tsinto shi. A wannan ɗakin 'yan ajin ƙarshe ke rubuta jarrabawar fita, kuma jami'an hukumar jarrabawa kan zo dubawa kafin a buɗe rajista. Shugaban makaranta ya tara mu malamai, ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye: in suka zo suka ga sama a buɗe, za su ɗauke mana cibiyar, a watsa yaranmu wasu makarantu. Kowane yaro sai ya biya kuɗin baƙunta a kan na rajista, ga kuɗin keke kullum har a gama.

Makarantar ta al'umma ce, mutanen gari suka gina ta da guminsu, saboda haka ba mu da wata ma'aikata da za mu kai wa kuka. Ga ta da girma. Taron safe sai da lasifika, kuma duk da haka na baya hira suke yi abinsu. A nan Jalingo, daga Sintali zuwa Majidaɗi har Abbare, da wuya ka shiga gida ba ka ga rigar makarantarmu a kan igiyar shanya ba.

Aka kira taron iyaye a ƙarƙashin bishiyoyin mangwaro. Da shugaba ya ambaci a yanka wa kowane gida wani abu, sai wuri ya ɗauki gunaguni. Wani dattijo ya ce shi doya gare shi da gyaɗa, in kafinta zai karɓi doya to a zo a ɗiba. Aka yi dariya, amma ni ban yi ba. Ni malamar tattalin gida ce, haifaffiyar Majidaɗi, kakannina fatake ne daga Zariya, kuma ina da wani hali na ganin duk wanda bai iya ciniki ba bai gama wayo ba. Na miƙe na ce tunda kaka ce, kowa ya kawo gyaɗa gwargwadon ƙarfinsa. Mu mata mu matse mai, a zuba a kwalabe, a raba wa gidaje kowa ya sayar a unguwarsu, kuɗin ya dawo a sayi kwano. Aka tafa mini. Na zauna ina jin kaina kamar na riga na kafa ƙusar ƙarshe.

Wadda ta fara zuwa wurina bayan taro wata mata ce 'yar Mumuye, mai gasa doya a bakin ƙofar makaranta. Kowa Mama mai doya yake ce mata. Mijinta ya rasu da daɗewa, 'yarta kuma tana ajin ƙarshe, ita ce ta farko a gidansu da ta kai nan. Yarinya ce mai shiru, kullum a bencin gaba saboda idonta ba ya kai wa allo daga nesa. Mama ta kama hannuna da hannunta mai toka, ta yi magana da Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Malama, wannan kwano dole ya hau," ta ce. "Kuɗin rajista na tara shi tun bara. Amma in sun kai yarinya wani makaranta, ba ni da na biyu. Shi ba zai rubuta ba."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai aiki ya zo hannun masu shi.

Gyaɗa ta zo, har ta ba ni tsoro. Masu mudu, masu tiya, masu rabin buhu a bayan babur. Ɗakin girkinmu ya cika har muka ari sito. Muka raba mata unguwa-unguwa, kowace unguwa da shugabarta, Mama ta ɗauki ɓangarensu na Abbare ba tare da an roƙe ta ba. Ranakun Asabar filin ƙwallo ya koma masana'anta. Nan ana ɓara, can ana suya, wasu na murje ɓawo suna sheƙewa, keke na jigila zuwa inji yana dawowa da robobin tunkuza. Matan coci suna matsa suna waƙa, namu na cikin gari suna tsokanarsu wai waƙa ba ta fid da mai, su kuma su ce ai gulma ma ba ta fitarwa. Hayaƙi ya cinye mana idanu, hannuna ya yi kanta. Amma da na ga man yana tasowa a turmi, ja-ja, ƙamshinsa har titi, sai na manta da ciwon baya. Ƙuli-ƙulin kuwa ɗalibai suka saye shi tas lokacin tara, da shi muka biya mai inji muka sayi kwalabe.

Aka raba mai, kowane gida da rabonsa. Mako na farko ya wuce shiru, na ce sai mutane sun karɓi albashi. Na biyu ma shiru. Sai wata maƙwabciyata ta yi sallama da yamma, kwalba biyu a leda, ta ce ta kawo mini man makaranta ko zan saya. Na nuna mata nawa a jere a bayan ƙofa. Ta ce gida na nawa ke nan tana shiga, ko'ina sai a nuna mata irin nata. Muka tsaya muna kallon juna, ita da kwalbarta ni da tawa.

Abin da ya faru ke nan a unguwannin duka. Girman makarantar da nake taƙama da shi, shi ya cinye mu: kowa mai sayarwa ne, ba a bar mai saye ba. 'Yan gidajen da ba su da yaro a wurinmu kuwa, ko dai surukai ne, ko masu kawo miki tuwo ranar salla, ko waɗanda kike kai wa shinkafa ranar Kirsimeti. Wace mace ce za ta tsaya a tsakar gidan irin waɗannan ta yanka farashi? Sai ta ce ga ɗan mai a ɗanɗana, a yi mata godiya, ta fito hannu wofi. Masu ƙarfin hali da suka fita titi sai suka shiga gasar gyara, wannan ta ƙara ludayi, waccan ta ƙara biyu, har kwalba uku ta koma kuɗin biyu. Matan da ke sana'ar mai a kasuwa, su ma iyayen yaranmu ne, suka aiko mini da saƙo cewa na karya musu kasuwa, Allah ya isa ba su ce ba amma sun kusa.

Ana cikin haka saƙo ya iso cewa masu dubawa suna tafe ƙarshen wata. Kafinta ya zo ya auna, ya faɗi abin da zai ci, abin da ke hannunmu ko katako ba zai saya ba. Abinci ya daina shiga mini. In na wuce ɗakin taron ba na ɗaga kai, don ciyawa har ta fara tsiro a tsagar siminti. Shugaba bai taɓa ce mini komai ba, sai dai in mun haɗu ya ce, "Malama, yaya kasuwa?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na bar aji a hannun wata abokiyar aiki na shiga gari a keke da ragowar man a jarkoki. Ni da nake hura hanci da jinin fatake, sai ga ni a tasha ina leƙa tagar motocin Yola da Wukari ina cewa a taimaki yara. Wata tsohuwa Bafulatana ta lakata ta ɗanɗana, ta ce useko, wato ta gode, man ya yi daɗi, ta rufe taga. Na bi masu ƙosai da masu suyar kifi, suka saya amma da farashin da suka ga dama, sun ga idona ya raina fata. Na shiga ofisoshi, ana ce mini oga ba ya nan alhali ina jin tarinsa. Wata rana na zauna a kan dakalin wani shago, rana ta take, jarka a gabana ko rabi ba ta yi ba, na yi kuka sosai, mai shagon ya ɗauka mutuwa aka yi mini.

Na tara shugabannin unguwanni na ce musu duk wadda ta kasa sayarwa ta dawo da kwalaben, ko a araha ne na kai wa 'yan sari. Suka dube ni kamar na yi saɓo. Wata dattijuwa ta ce kayan taimako da aka ɗora miki a ka ba ya komawa inda ya fito, ko a coci ko a masallaci, sai dai ki san yadda kika yi. Wa za ta yarda a gan ta ta nufo makarantar ɗanta da kwalba a ka, gari ya ce gidan wane sun gaza? Na yi ta bayani cewa ba wanda zai sani, suka ce Malama, a Jalingo?

Sai kuɗi ya fara shigowa. Kaɗan-kaɗan da farko, sannan da yawa, a ƙulle a bakin zane, a leda, tsofaffin takardu masu warin daddawa. Na san abin da ke faruwa, mutane ne ke saye wa kansu man gyaɗar da suka bayar kyauta suka kuma matse da hannunsu. Abin ya dame ni, amma ban hana ba, kwanaki sun ƙure. Na ɓangaren su Mama ya zo cif, ba gibin ko kwalba ɗaya, alhali nan ne talakawa suka fi yawa. Na rungume ta a gaban mutane na ce kowa ya yi koyi da Mama. Ta yi dariya ta ce wutarta za ta mutu, ta koma wurin doyarta.

Kwano ya hau ana jibi masu dubawa za su zo, kafintoci suna buga na ƙarshe ɗalibai na share ƙasa. Suka zo, suka zagaya, suka sha lemo, suka bar mana cibiyarmu. Ranar na yi barci kamar wadda aka sauke wa dutse.

Aka buɗe rajista, aka yi ta ɗaukar hoto da dangwala yatsa, aka rufe. Ni ba ruwana da wannan sashen. Sai bayan hutu na lura bencin gaba ba kowa a gefen taga. Na tambayi ƙawayen 'yar Mama, suka yi ta kallon ƙasa, daga baya ɗaya ta ce ba ta yi rajista ba. Na fita bakin ƙofa, wata ce daban a wurin murhun Mama, ta ce Mama ta koma gasawa a bakin kasuwa.

Da yamma na hau keke zuwa Abbare. Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa. Yarinyar ce ta buɗe labule, ta durƙusa ta gaishe ni, ta fice. Da idona ya saba da duhun ɗakin sai na ga kwalabe, jere a bin bango, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a cikin kwandon kaya, sun ninka rabon gida ɗaya sau da yawa. Matan ɓangarenta da ba su da halin saye, ba su iya kawowa makaranta ba, sai suka riƙa kai mata da duhun magariba suna ajiyewa. Ita kuma ba ta iya kawo mini ba. Ta kwance kuɗin rajistar ta biya, da niyyar za ta sayar da man a hankali ta mayar kafin a rufe. Gari kuwa ya ƙoshi da mai, kowane gida da na wata da watanni.

Na ce mata don me ba ta faɗa mini ba. Fushi nake, ban ma san da wa nake fushin ba.

"In na faɗa, za ki ce a rage nawa," ta ce. "In an rage nawa, kwano ba zai kai ba. In bai kai ba, shi ma ba zai rubuta ba. Na duba, Malama, duk hanya ɗaya ne."

Washegari na shiga ofishin shugaba ba sallama. Muka haɗa kuɗi mu malamai a take, har da na tarar makara. Shugaba da kansa ya je ofishin hukumar, ya koma, ya sake komawa. Aka ce an rufe daga sama, ba mai iya buɗewa, sai baɗi. Na kai wa Mama kuɗin da muka haɗa na ce ta ajiye, ta ƙi karɓa, sai da na ce sayen man nake yi. Na kwashe kwalaben a keke biyu, na rasa inda zan kai su sai ɗakin girkin makaranta. Yarinyar kuwa wata gwaggonta ta ɗauke ta zuwa Zing ta taya ta zaman shago kafin shekara ta zagayo. Na san irin wannan kafin ɗin, na ga yara da yawa sun tafi da shi.

Ranar da aka fara jarrabawa ina cikin masu tsaro. Damina ta dawo, ruwa ya sauko tun safe yana dukan sabon kwano har sai an ɗaga murya. Yara sun zauna layi-layi, ana jiran a buɗe takardu, sai mai gadi ya leƙo ya ce wata mata na nemana. Mama ce, ta lulluɓa da leda, ƙafafunta duk taɓo. Ta ce ba shiga za ta yi ba, so take ta gani daga bakin ƙofa kawai. Doka ta hana, amma na matsa gefe. Ba ta kalli yaran ba, sama ta ɗaga kai ta bi rufin da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ba ya yoyo ko?"

Na ce ba ya yi.

"To, mun gode Allah," ta ce. "Baɗi ki ajiye masa wuri a gaba, Malama. Idonsa ba ya gani daga baya."

Na ce to. Ta gyara ledarta ta shiga ruwan, ni kuma aka kira ni in zo in raba takardu.