Gwangwanin Baba Iliya

Wata Asabar ce cikin damina, ina aji biyar a firamare, na fito zubar da ruwan wanke-wanke a lungunmu na Ƙofar Ran, sai wani abu ya yi walƙiya a tafin hannun Baba Iliya, makaniken da rumfarsa ke jikin katangarmu. Ɗan ƙarfe ne zagayayye, bai kai ƙwandala ba, yana sheƙi kamar azurfa. Daga cikin injin babur ɗin mahaifina, Baffa, ya ciro shi. Ina kallo ya goge shi da bakin riga, ya jefa cikin wani tsohon gwangwanin alawa, ya zaɓo wani ya mayar a gurbinsa.

A lokacin na gama haddace littattafan soyayyar da yayata ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Ina tsince shinkafa ina karatu, ina jiran guga a bakin rijiya ina karatu, har 'yar gala-gala na daina. A cikinsu kuwa duk mutum mai shiru-shiru yana da mugun sirri. Baba Iliya mutumin kudancin Bauchi ne, ba ya hira, ba ya rufe rumfa sai ran Lahadi. Ga shi ya dage sai babur ɗin ya kwana a wurinsa kafin ya auna, wai "ƙarfe mai zafi ƙarya yake yi." Babur ɗin babba ne, Baffa ya saya a hannun wani tsohon ma'aikaci a GRA, duk unguwar ba mai iya taɓa shi sai Baba Iliya. Na ce a raina, ashe azurfar da ke cikin injin yake kwashewa ɗaya bayan ɗaya.

Ban jira Baffa ya shigo gida ba, a majalisarsu na faɗa, gaban abokansa. Suka ɗunguma rumfar, ina biye. Baba Iliya bai ɗaga murya ba. Ya fito da wasu siraran ƙarafa a harhaɗe kamar mafici, ya zura ɗaya a saman bawul, ya ce, "Malam, ɗan ƙarfen nan da na cire, shim ne sunansa. Tazarar da ke saman bawul ɗin nan ta matse, shi ya sa na cire mai kauri na sa mai siriri. Bambancin bai kai gashin kai ba." Baffa ya ce, "In bai kai gashi ba, me ya kai ka canzawa? Mayar mini da nawa." Aka kwashe da dariya. Ya mayar, yana ta cije leɓe.

Kafin kaka, muna hanyar gonarmu ta Inkil, ina baya rungume da kwanon tuwo, babur ɗin ya yi tari ya mutu. Bawul ya ƙone saboda matsewar tazarar nan. Da ƙafa muka turo shi. Washegari Baffa ya je ya ba Baba Iliya haƙuri, amma magana zarar bunu ce. Yara sun riga sun fara kiransa "Iliya mai azurfa," masu kawo gyara suna tsayawa a kansa su zuba wa hannunsa ido. Damina ba ta zagayo ba ya kwashe kayansa.

Yanzu wurin rumfar shagon cajin waya ne, ba ƙamshin baƙin mai, ba ƙarar sifana. Bara na ga Baba Iliya a wata rumfar gyaran keke napep, idonsa ya yi rauni, yana zaune da gwangwanin nan a cinya. Na durƙusa na gaya masa ni ce yarinyar da ta kai maganar. Ya daɗe yana murmushi, sannan ya ce, "'Yata, ai maganarki ma da zafi kika kai ta. Da kin bari ta kwana."

Har yau ban samu abin da zan mayar masa a gurbin ba.