Addu'ar da Mama Take Yi wa Baba

Hannun Mama ne ya fara ɗaukar idona. Ina 'yar shekara tara, muna tsakar gidanmu a unguwar Congo-Russia bayan cin tuwo, mun kewaye kaskon wuta saboda sanyin Jos. A gidanmu ba a tashi daga abinci sai an kama hannun juna an yi addu'a, kowa ya faɗi tasa, daga babba har auta. Ran nan na saci buɗe ido, sai na ga Mama ta ɗora hannunta a kan kujerar Baba, wadda babu kowa a kai, tana shafa ta a hankali.

Baba kafinta ne a kasuwar Katako. Yakan dawo da garin katako har cikin gira, ya ci abinci, ya shige ɗaki. In layi ya zo kansa sai Mama ta ce, "A bar shi ya huta, ni zan yi masa tasa." Ta yi tata, ta yi tasa. A zuciyata na ce duk duniya babu soyayya irin wannan, na kuma roƙi Allah ya ba ni mijin da zan so haka.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta ga abin sha'awa ba. Ta tura guntun katako cikin wuta ta ce, "Rifkatu, kin cika son miji. Gobe ma sai ki ci masa tuwonsa." Muka fashe da dariya. Sai ta gyara zaninta, ta buɗe mana tatsuniya.

"Ga wata ta gangaro daga kan dutse."

"Ta zo ta ji ɗumi!" muka amsa.

Wai an yi wani mutum da matarsa a ƙauyen da ke tsakanin duwatsu. Ruwansu yana wani marmaro mai ɓoyayyiyar hanya, kullum da safe tare suke zuwa ɗiba. Wata rana noman acca ya gajiyar da mijin, matar ta ce, "Kwanta abinka, zan ɗebo mana." Washegari ma haka. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, duwatsu suka gangaro, hanya ta sauya, ita kaɗai ta san sabuwar. Ran nan zazzaɓi ya kayar da ita, ta ce ruwa take so. Ya ɗauki tulu ya fita. Ya yini yana zagaya duwatsu, yana jin ƙarar ruwan a kunnensa, amma bai ga ta inda ake shiga ba.

A nan Kaka ta tsaya.

"Sai me, Kaka? Ya samu?" na tambaya.

"Wa zai nuna masa? Mai sanin hanyar tana kwance."

"Kai, wannan ba ta da daɗi!"

"Ni na ce miki tana da daɗi?"

Mama ta sunkuyar da kai, ta ce wa Kaka, "Mama, ai Allah na ganin gajiyarsa."

"Yana gani, 'yata. Ni ɗana nake ji wa."

Kaka ta rasu, mu yara muka watse, da'irar hannun nan ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma Mama ita kaɗai. Da ciwo ya kwantar da ita na dawo jinya. Wata Laraba da hantsi numfashinta ya sauya. Ta dubi Baba ta ce, "Baban Ladi, yi mini addu'a."

Ya durƙusa, ya kama hannunta. Ya ce, "Ya Ubangiji." Ya sake cewa, "Ya Ubangiji." Gumi ya keto masa. Mutumin da yake sonta kamar ransa, shekara talatin bai buɗe baki gaban Allah ba, ya rasa kalma ta uku.

"Bari in kira Fasto," in ji shi.

Ta riƙe bakin rigarsa. "Taka nake so."

Ya zare rigar a hankali, ya fita da gudu. Kafin su dawo na rufe mata ido.

Sai a ranar na gane tatsuniyar Kaka, amma ganewar ba ta cece ni ba. Mijina Dauda direba ne, yana dawowa a gajiye. Nakan tsaya a kansa in dubi fuskarsa yana barci, tausayi ya kama ni, in koma wurin yara in ce, "Ku bar Baba ya huta."

Babana kuwa yana nan a Congo-Russia, ya tsufa, ya daina sana'a. Kowace Lahadi yakan yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya taka har coci. Ba ya shiga. Yakan zauna a gindin katanga daga waje har a tashi, sannan ya riga kowa komawa gida.