Man da Assoumane ya aika gwaji

A gidan da muke haya a unguwar Tayuri ta garin Sabha, ɗakin Baba Assoumane ne na bakin ƙofa. Mutumin Tanout ne, dogo, mai ƙarancin magana. Ya zo Sabha da baƙin gashi, yanzu gemunsa ya yi fari. Ya yi aikin gini, ya yi ban ruwa a gonakin bayan gari, har Allah ya hore masa wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Da ita yake kwaso tumatir da albasa zuwa kasuwa.

Ban taɓa ganin mai tsabta irinsa ba. Ko biredi zai saya sai ya kakkaɓe riga. Motar ma kullum yana goge ta, duk da iskar garin ba ta barin abu ya wuni fes.

Burinsa ɗaya ne, kowa a gidan ya sani: ya koma gida da motar nan. Matarsa Habsatou tana can, 'ya'yansa sun girma bai gani ba. Ya ce idan ya isa, zai riƙa ɗaukar mutanen ƙauyensu zuwa kasuwar Tanout, ya kwana a ɗakinsa kamar kowa.

Da ya fara shiri sai ya kai motar wurin Usta Nasr, bakaniken da ke unguwar Manshiya. Ɗan ƙasa ne, amma ya ji Hausa a bakin kakarsa. Ranar na raka shi. Usta ya kasa kunne ga injin ya daɗe, sannan ya ce, "Hajj Assoumane, tsohuwar nan tana tari a ciki, ko ka ji ko ba ka ji ba."

"Tsufa ne kawai, Usta. Ni ma ina yi."

"Kai in ka faɗi a hamada akwai mai ɗaukar ka. Ita wa zai goya?"

Usta ya ce yana da ƙane, Yousef, da ke aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin mai, kuma yakan duba masa baƙin man inji don zumunci. Daga man ake gane abin da ke cin injin: in an ga yashi, matatar iska ta huje, in an ga ruwa, lagireto na zuba ciki, in an ga garin ƙarfe da jan ƙarfe da yawa, inji na cin kansa. "Ka ɗebo mini a kwalba daga cikinta. In da matsala mu gyara a nan, kafin ka shiga inda babu kowa."

Baba ya koma gida ya kwance man. Ya fito baƙi ƙirin, mai kauri, yana warin ƙuna. Ya tsaya yana kallonsa a cikin kwano. Daga baya ya gaya mini abin da ya zo masa a rai: Yousef, mutumin da bai san shi ba, zai yi masa alheri, mai ilimi, mai farar riga, shi kuma ya aika masa wannan ƙazantar? A garinsu ko kwanon aro ba a mayar da shi sai an wanke. Sai ya ba maƙwabci tsohon man ya shafa wa katakon rumfa saboda gara. Ya zuba sabo, ya kewaya unguwa da motar don man ya shiga jikinta, sannan ya ɗiba a kwalbar da ya wanke tas. Ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya haɗa da dabino.

Bayan kwanaki sakamako ya iso a wayar Usta Nasr. Ya karanta yana fassara mana. Ƙarfe kaɗan ne. Yashi babu. Ruwa babu. Kaurin man daidai. Ya sosa ƙeya ya ce, "Motar da ta ci yashin hamadar Fezzan shekara da shekaru? Hajj, daga cikinta ka ɗebo?"

"Daga cikinta, wallahi."

Gaskiya ya faɗa. Usta ya ɗaga kafaɗa ya ce to, na'ura ta fi kunnensa ji.

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na makon nan ba. Ya sayi atamfa da bargo da tukunyar shayi. Ya kira Habsatou a gabanmu, ya ce ta sa a share ɗaki. Muka yi masa addu'a a ƙofar gida, ya bi ayarin masu tafiya kudu.

Bai kai garin Gatrun ba injin ya buga. Ayarin ya jira shi iya abin da zai iya, ya wuce. Wata babbar mota ce ta jawo shi zuwa Sabha, kayansa ɗaure a baya yadda ya tafi da su.

Da Usta ya buɗe injin, ya lakato garin ƙarfe daga gindinsa ya nuna masa yana ƙyalli a yatsa. Ya tambaye shi yadda ya ɗebi man, dalla-dalla. Baba ya faɗa masa. Usta bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan taya ya ce, "Hajj, dattin nan shi muke nema. Shi ne maganar da motar za ta yi mana. Ni ma da laifina, ban ce maka tsohon ba."

Baba ya ce, "Na ɗauka rashin ladabi ne."

Da an gani da wuri, in ji Usta, gyaran kwana kaɗan ne. Yanzu sai dai wani injin, shi kuma ya fi ƙarfin Baba.

Motar tana nan a jikin katangarmu, tayoyinta sun sace. Awakin maƙwabta na kwanciya a inuwarta. Baba ya koma ban ruwa a gonar wani. Atamfar ya ba wani mai tafiya ya kai wa Habsatou. In ta kira takan tambaye shi yaushe, shi kuma ya tambaye ta ko an yi ruwa a can.

Har yanzu da safe, kafin ya fita, yakan ɗauki tsumma ya goge gilashin gaba.