Bas ɗin da Ke Ƙara wa Kanta Murya

Ban taɓa mantawa da ranar da Bitrus ya dawo min da bas ɗinsa karo na uku ba, kuma ko yau na tuna sai raina ya sosu. A daminar 2008 ne, lokacin ina da shekara goma sha ɗaya a aikin rewaya, a garejinmu na kan hanyar Doma a nan Lafia. Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, rewaya shi ne mai gyaran wayoyin mota: fitila, hon, batir, rediyo da sauransu.

Bitrus direba ne, mutumin Eggon, yana jan wata farar bas 'yar Beljiyam ta Alhaji Sabo mai hatsi, daga Lafia zuwa Doma, wani lokacin Obi. Damuwarsa ɗaya a duniya, fasinjan gidan gaba. Wannan ya miƙa hannu ya sa waƙar coci, wancan ya cire ya sa wa'azi, wani ya ƙure murya, wani ya kashe gaba ɗaya, har a yi cacar baki a kan hanya. To, ya taɓa gani a motar wani babban mutum ana sarrafa rediyo daga jikin sitiyari. Ya ce shi ma haka yake so, kuma in cire abin murɗa murya na jikin rediyon in toshe ramin, kada kowa ya sake taɓa masa.

Aikin ba na wasa ba ne. Na samo tsohon sitiyari wurin masu kayan Beljiyam, na ciro maɓallansa, na fafe musu wuri a hannun sitiyarin Bitrus na hagu, dab da inda yake riƙewa. Ba a jan waya kai tsaye zuwa sitiyari, don abu ne mai juyawa, zai tsinke ta. Akwai wata siririyar waya a naɗe a cikinsa kamar zaren kaset, ita ke kai wuta ga hon. Na sami layi biyu a cikinta da ba a amfani da su, na bi ta nan har bayan rediyo. Kwana biyu na yi a kai. Muka gwada, ƙara murya, rage murya, canza waƙa, komai lafiya lau. Bitrus ya tafi baki har kunne.

Bayan kwana huɗu sai ga shi. “Oga Iliya, rediyon nan yana ƙara murya da kansa fa. In ya fara, ko na danna ragewa ba ya ji.”

Na shiga, na kunna, na juya sitiyari dama da hagu har ƙarshe, na zagaya gari da motar. Shiru kake ji. Na ce ya je, wataƙila yatsansa ne bai saba ba. Karo na biyu ban yi masa gardama ba. Na kwance sitiyarin, na auna kowace waya da mita, na sake liƙe mahaɗa, har na canza naɗaɗɗiyar wayar nan duk da ban ga laifinta ba. Wuni guda cur na ɓata, ga motoci uku na mutane suna jirana.

Na ukun ita ce ranar da nake ba ku labari. Bitrus ya sauko daga mota idonsa jawur. Ashe an yi shatarsa ya kai gawa da masu makoki wani ƙauye bayan Obi. Suna karya kwanar shiga gidan, mata na kuka, sai rediyo ya ɓarke da kiɗan biki, murya a ƙure. Abin murɗawa kuwa ni na cire shi da hannuna. Sai da ya kashe motar a tsakiyar hanya kafin a sami shiru. Kafin ya dawo Lafia labari ya riga shi tasha: motar Bitrus tana da aljanu. Kwana biyu yana layi, ba wanda ya yarda ya shiga.

Muna tsaye Alhaji Sabo ya kira ni a waya. “Malam Iliya, ni ban aiki kowa ya sa wa motata maɓalli ba. In ranar kasuwar Doma ta zo motar nan ba ta yi lodi ba, ya kawo min makullina.” Saura kwana biyu ke nan. Bitrus 'ya'yansa huɗu, kuma ba shi da ko gonar doya da zai koma.

Ni ma fa abin ya fara cin sunana. Abokan aiki suna ta tsokana, wai in nemo malami ko fasto tunda mita ta gaza. Wani ma cewa ya yi in bar rewaya in koma sayar da turaren aljanu. Haushi ya ishe ni, na ce wa Bitrus, “Yau ba zan taɓa ko ƙusa ɗaya ba. Shiga ka ja, ina gefenka, mu je Doma.”

Muka fita daga gareji. Ko mita ɗari ba mu yi ba ya taka birki ya gangara gefe. Ya buɗe akwatin dashbod, ya zaro wata leda, ya warware ta a hankali kamar mai fito da kayan Kirsimeti. Rigar sitiyari ce ta jan yadi mai kauri, an yi mata ado da zare, an rubuta “Bitrus da Saratu” a sama, sunansa da na matarsa. Ya sa ta, ya daidaita rubutun, ya ja igiyoyin ya ƙulle. Ƙullin nan, ƙato kamar goro, ya zauna daram a kan maɓallin ƙara murya. Kwanar farko da ya damƙi sitiyari, sai da na toshe kunnuwana.

Na kalli ƙullin, na kalli Bitrus. Na ce, “Bitrus! Wannan abin yana ina duk zuwan da kake yi?”

“A leda, Oga. Kafin na shigo gareji nake cire shi.”

“Don me?”

“Haba Oga, hannunku fa duk baƙin mai ne. Matana ya yi sati biyu yana ɗinka shi.”

Kai! Sati biyu ina neman ciwo a jikin mota, shi kuma kullum yana ajiye ciwon a leda kafin ya miƙo min makulli. Na ce ya juya rigar ƙullin ya koma ƙasa. Ya ce ai sunan zai karkace. Na zaro reza daga aljihu zan yanke ƙullin, sai ya riƙe min hannu da hannu biyu, mutumin da aikinsa ke shirin tafiya jibi. “Oga, don Allah. In matana ya gani zai ji ba daɗi.”

Na yi tsaki, na yi faɗa, na ce masa abin da ba zan maimaita a nan ba. Amma na mayar da rezar. Muka koma gareji, na sake kwance sitiyarin karo na uku, na mayar da maɓallan hannun dama inda babu ƙulli. Ranar kasuwa kuma ni na fara shiga motar a tasha, na zauna gidan gaba ina rantse-rantse cewa ba aljani ba ne, ƙulli ne. Da ƙyar wata tsohuwa mai gishiri ta shiga, sannan sauran suka biyo ta. Alhaji Sabo bai karɓi makullinsa ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku da kuke tasowa a sana'ar nan: motar da ake kawo muku gareji ba lallai ita ce motar da ke kan hanya ba. Mutanenmu suna gyara mata zama kafin su kawo, su cire wannan, su ɓoye wancan, wani don kunya, wani don ƙauna. Tun daga ranar, duk gyaran da ya ɗaure min kai sai in ce wa mai mota, “Sa mata duk abin da ka saba sa mata, ka ja ina gani.”

Bitrus ya ƙara shekara shida yana jan bas ɗin nan, kuma duk gyaran wayarta ni na yi. Ko sau ɗaya bai bari na taɓa rigar ba.