Kifayen Bakin Ƙofa

Abu Nizar ya yi shekara talatin yana sayar da kifin ado a garinmu, Irbid. Kafin ya sayar maka, sai ya ce ka je ka ajiye kofin ruwa inda akwatin gilashin zai zauna, ya kwana, da safe ka tsoma yatsa.

Wata shekara da sanyi ya kama, Umm Basil ta zo. Shanyewar jiki ta kwantar da mijinta, kuma tana son ya sami abin kallo. Ta nuna wani shuɗi mai baza jela.

"Yaya ruwan kofin, 'yar'uwa?" in ji Abu Nizar.

"Kamar na alwalar asuba."

"To wannan ɗan gata ne, ba zai kwana uku a ɗakinku ba. Ba na son maigida ya farka ya gan shi a kife."

Ya je akwatin bakin ƙofa, wanda bai taɓa ɗumama ruwan cikinsa ba, ya kamo mata ƙananan kifaye biyu masu ruwan toka.

Ta ce, "Ai waɗannan ba su da kyau."

"Ni ma haka, kuma ga ni nan."

Bayan wata huɗu ta dawo da su cikin kwalba, sanye da baƙaƙen kaya. Ta ce har safiyar da ya rasu mijinta yana bin su da ido. Abu Nizar ya mayar da su bakin ƙofa. Na sha jin ana taya su, yana cewa suna da mai su.